Zaiba a cikin kifi: wanne mai ciki za ta ci, wanne za ta yi hattara da shi

Cikin damunar da ta wuce wani saƙon murya ya zagaya wayoyin matan garinmu, nan gabas da Haɗeja. Wata mata ce ke magana, muryarta na rawa, tana cewa likitocin Turai sun gano guba a cikin kifi, sunanta makuri, duk mai cikin da ta ci za ta haifi ɗa mai raunin ƙwaƙwalwa. Ba ta faɗi wane kifi ba, ba ta faɗi yawan da za a ci ba. Matar ƙanena, wadda cikinta ke wata biyar a lokacin, tun daga ranar ta daina taɓa kifi. Gida ne da nama ba ya shiga sai da sallah ko suna, kifi shi ne naman miyarsu. Da na shiga gaishe su ta ce, "Yaya, kai da kake koyar da kimiyya, wai da gaske ne?" Na ce mata rabin maganar gaskiya ne, amma rabin da aka bari a baya shi ne ya fi shafarta.

Makurin da ake faɗa ita ce zaiba, abin da kakanninmu suka sani tun tuni. Farin ƙarfe ne mai ƙyalli kamar azurfa, amma ruwa-ruwa, shi ne ke hawa da sauka a cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na asibiti. Nauyinta ya ninka na ruwa sau 13 da rabi. Ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa ta ƙare, sai dai ta sauya kama ta sauya mazauni. Wata tana fitowa daga duwatsu masu aman wuta, amma hannun ɗan Adam ya fi yawa a ciki. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2015 ayyukan mutane sun tura kimanin tan 2,220 na zaiba zuwa sararin sama. Ƙona kwal ya ɗauki kusan kashi 21 cikin 100. Kaso mafi girma, kusan 38 cikin 100, daga masu haƙar zinare na gargajiya ya fito, irin waɗanda ke aiki da diga da shebur da kwano a Gana, Sudan, Indunusiya, Barazil, Peru, da nan gida Najeriya.

Zaibar da ta tashi sama tana iya yin wata shida zuwa shekara guda tana yawo a iska kafin ruwan sama ko ƙura su sauko da ita, shi ya sa wadda aka ƙona a wata nahiya takan sauka a wata. Idan ta faɗa kogi ko tafki ko teku, ta kai inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, kamar cikin laka ko can tsakiyar zurfin teku, akwai ƙwayoyin bakteriya da ke juya ta zuwa wani nau'i daban. Masana suna ce masa metilmakuri, ni zan riƙa ce masa zaibar kifi. Bambancin nan yana da muhimmanci. Zaibar kwalba haɗarinta a shaƙar tururinta yake. Zaibar kifi kuwa ta baki take shiga, kuma hanji yana shanye kusan kashi 95 cikin 100 na abin da aka ci, ta bi jini, ta ƙetare shingen da ke kare ƙwaƙwalwa, ta ƙetare mabiyiya ta isa ga ɗan da ke ciki.

Yadda take taruwa a jikin kifi kowane masunci zai gane shi ba sai an zana masa ba, domin ya san wa ke cin wa a cikin ruwa. Gansakuka da ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke fara ɗauka. Ƙwarin ruwa da 'yan mitsi-mitsin kifi su ci su. Kifin da ya fi su girma ya ci ɗaruruwansu. Tsage ko giwan ruwa ya zo ya ci wannan. Zaibar tana manne wa tsoka, kuma jikin kifi ba ya fitar da ita da saurin da take shiga, saboda haka kowane mai ci yana gadon abin da duk waɗanda ya cinye suka tara. Da yayyafi kogi kan cika. Ruwan da za a auna a ga zaibarsa ba ta taka kara ta karya ba, babban kifin da ya shekara goma yana farauta a cikinsa zai iya ɗauke da ninkin abin da ke cikin ruwan sau miliyan. Abu biyu ke nan suke yanke hukunci: me kifin yake ci, kuma shekara nawa ya yi yana ci.

Duniya ta koyi wannan darasi ne da hawaye a Minamata, wani garin masunta a kudancin Japan. Daga 1932 zuwa 1968 masana'antar sinadarai ta kamfanin Chisso tana zubar da ruwan dattinta mai ɗauke da zaibar kifi cikin gaɓar tekun da mutanen garin ke su. Kyanwowi aka fara gani suna tangaɗi, suna juyi kamar masu rawa, wasu su faɗa ruwa su mutu. Tsuntsaye suna faɗowa daga sama. A ranar 1 ga Mayu 1956 aka kai rahoton cutar ga hukuma, bayan an kwantar da wata yarinya 'yar shekara biyar da ta kasa tafiya, ta kasa magana sosai. Manya kuma suka riƙa jin leɓɓansu da yatsunsu sun mutu, ganinsu ya tsuke kamar mai leƙe ta cikin bututu, harshe ya yi nauyi, ji ya ragu, tafiya ta zama ta mashayi. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince a hukumance cewa masana'antar ce sanadi, shekara 12 ana ci gaba da cin kifin. Zuwa 2001 mutum fiye da 2,200 aka tabbatar sun kamu a yankin, sama da 1,700 daga cikinsu sun riga sun rasu. Abin da ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne iyaye mata da ba su nuna wata alama mai tsanani ba suna haihuwar 'ya'yan da ba sa iya riƙe wuya, ba sa iya zama, ba sa magana. Ƙwaƙwalwar da ake kan ginawa a ciki ta fi ta babba rauni nesa ba kusa ba.

Ina yawan tunanin yadda za mu fassara irin waɗannan alamomi da a ce a ƙauyukanmu suka bayyana. Mutuwar yatsu za mu ce sanyi ne, tangaɗi da nauyin harshe mu ce iska ce ko sammu, yaron da bai zauna ba mu ce haka Allah Ya yi shi, mu rungumi ƙaddara ba tare da mun kalli tukunya ko rafi ba. Manomanmu kuma su riƙe labarin Iraƙi. A ƙarshen 1971 aka raba irin alkama da sha'ir da aka yi wa magani mai zaiba, aka rina shi da launi don gargaɗi. Mutane suka wanke launin, suka niƙa, suka yi gurasa. Sama da 6,500 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu a can. Irin shuka da aka yi wa magani, ko wane iri ne maganin, ba abinci ba ne, wanki kuma ba ya mayar da shi abinci.

To wane kifi ne abin tsoro? A teku, manyan mafarauta masu tsawon rai, waɗanda yawancinsu suka fi son ruwan ɗumi: kifin shak, kifi mai takobi, malin, wani babban nau'in tuna mai manyan idanu, da wani ƙaton ɗan'uwan taitus da ake ce wa kin makarel. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa waɗannan cikin jerin da mai ciki, mai shayarwa da ƙaramin yaro za su guje wa. A ma'auninta, shak da mai takobi suna ɗauke da kusan miligiram 1 na zaiba a kowane kilo. Taitus na tekun Atlantika kuwa, wanda ake shigo mana da shi cikin kwali daga ƙasashe irin su Norwe da Holan, kimanin 0.05 ne. Sardin da karfasa ba su ma kai 0.02 ba.

Bari mu yi lissafin a fili. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya ƙayyade a 2003 cewa abin da jiki zai iya ɗauka a mako ba tare da fargaba ba shi ne maikurogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin mutum. Maikurogiram shi ne a raba giram ɗaya gida miliyan a ɗauki ɗaya. Mace mai nauyin kilo 60 ke nan tana da 96 a mako. Idan shak ne, yanka ɗaya mai giram 100 ya cinye mata kason makon gaba ɗaya. Idan taitus ne, sai ta ci kusan kilo biyu a mako kafin ta kai iyakar. Gida nawa ne a Kafin Hausa ko Auyo ko Guri mace ɗaya ke cin kilo biyu na kifin ƙanƙara a mako? Guda biyu ake saya a yayyanka wa mutum goma. Kifin da saƙon muryar ya kora daga tukunyar matar ƙanena, wato taitus, shawa, kote, sardin na gwangwani da karfasar kasuwa, yana cikin mafi ƙarancin zaiba a duniya. Shak da mai takobi kuwa ba su taɓa shiga garinmu ba.

Akwai bincike biyu da suka daɗe ana kafa hujja da su, kuma sai an haɗa su ake ganin hoton sosai. A tsibiran Faro, can arewacin Turai, an bi diddigin yara kusan 1,000 da aka haifa a 1986 da 1987, waɗanda iyayensu mata ke cin naman wata babbar dabbar teku da ake kira wel. Da suka kai shekara bakwai aka ga ɗan rauni a harshe, natsuwa da riƙe abu a ka ga waɗanda suka fi samun zaiba tun suna ciki. A tsibiran Seshel kuma, cikin tekun Indiya, inda mata masu ciki ke cin kifin teku kusan sau 12 a mako, an bi yara sama da 700 shekara da shekaru ba a ga wata illa tabbatacciya ba. Kifin da suke ci yawancinsa ba mai zaiba da yawa ba ne, kuma yana zuwa da abubuwan gina ƙwaƙwalwa, musamman man da ake kira omega-3. Shi ya sa shawarar hukumomin Amurka ga mai ciki ba ta daina cin kifi ba ce. Cewa suka yi ta ci sau biyu zuwa uku a mako, daga masu ƙarancin zaiba.

Wannan ya fi ƙarfi a wurinmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jigawa sama da yara 6 cikin 10 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A irin wannan hali, a ce wa mai ciki ta bar kifi ba tare da an ba ta madadi ba, an gudu ne ba a tsira ba. 'Yan ƙananan kifin nan da ake shanyawa a daka a zuba a miyar kuka, waɗanda ake ci har da ƙaya da kai, suna ba da sinadarin gina ƙashi da na ƙara jini, kuma su ne suka fi kowa nisa da zaiba domin ba su daɗe a duniya ba, ba su ci kowa ba. Wanda ake rainawa a ce kifin talaka, a wannan fage shi ne a gaba.

Game da kifin ruwanmu, binciken da aka yi a tafkuna da kogunan Afirka da dama ya nuna zaibarsu ta yi ƙasa da yadda aka yi zato, sai dai a manyan mafarauta, kamar ƙattin giwan ruwa na tafkin Biktoriya, da kuma kogunan da ke kusa da wuraren wankin zinare. Don haka ƙa'idar ɗaya ce daga teku har Tiga. Karfasa da tarwaɗar kiwo da matsakaicin kifi a ci hankali kwance. Ƙaton giwan ruwa, tsohon tsage, babban yauni ko ragon ruwa, mai ciki da yaro ƙarami su ci jefi-jefi. Na san wannan ya saɓa da yadda muke nuna gata, domin miji in ya samu kuɗi babban kifi yake ɗauko wa matarsa mai ciki, a yi mata farfesu. Ci ɗaya ba ya kawo komai. Jiki yana fitar da rabin zaibar da ke jini cikin kimanin kwana 50, abin gudu shi ne a mayar da shi na kullum har shiga ta fi fita. Mai shayarwa kuma kada ta yaye ɗanta don wannan magana, amfanin nono ya rinjayi ɗan abin da ke bi ta cikinsa.

Wani abin da ya kamata a sani: wanki da lemon tsami, suya, gashi, banda, babu wanda ke cire zaiba, domin a cikin tsokar take, ba a fata ko kitse ba. Banda ma da ruwansa ya tsane, kilo ɗaya nasa ya fi kilo ɗaya na ɗanye tara ta. Amma a kan banda abin da ya fi damuna shi ne maganin ƙwari da wasu ke fesa masa don kada ya yi tsutsa, da masu zuba guba a ruwa don kifi ya taso. Wannan guba ce ta yau, ba ta shekaru ba.

Inda zaiba ta fi kusa da mu kuwa, da idona na gan shi, kuma ba a kasuwar kifi ba. Ɗan wana yana cikin samarin da ke tafiya haƙar zinare bayan girbi, kamar yadda da yawa suka riƙa tafiya Zamfara, Neja, Birnin Gwari, wasu har Jado ta Nijar tun da aka samu zinare a can a 2014. Wani dare bayan isha'i na same shi a zaure da kaskon gawayi, yara huɗu sun kewaye shi. Ya fito da wata 'yar kwalbar allura, zaiba na rawa a cikinta. Ya warware wani ƙyalle, ga wani ɗan dunƙule toka-toka bai fi ƙwayar wake ba, wato garin zinaren da zaiba ta kama. Ya ɗora a cokali, ya sa a kan garwashi, ya sunkuya yana hurawa da baki. Cikin 'yan mintoci dunƙulen ya tsuke ya koma rawaya. Yaran suka matso suna leƙe, fuskokinsu dab da cokalin. Na kore su waje na ce masa ya san abin da ya tashi daga cokalin nan? Ya ce, "Baffa, ai ba ta da wari, ba ta da hayaƙi, kullum haka muke yi a daji." Rabin dunƙulen nan zaiba ce, ta zama tururin da ido ba ya gani, kuma huhu yana shanye kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa. Sauran ya lafe a bango, a tabarma, a tufafi, ya riƙa tashi a hankali kwana da kwanaki. Da na lissafa masa alamomin, rawar hannu, kumburin dasashi, rashin barci, saurin fushi, mantuwa, ciwon ƙoda, sai ya yi shiru. Can ya ce ubangidansu a wurin aiki ba ya iya riƙe kofin shayi sai da hannu biyu, su a zatonsu sanyin rami ne.

Mun ga abin da shigo da aikin zinare cikin gida ya jawo a Zamfara a 2010, lokacin da yara kusan 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan dalma ce, ba zaiba ba, guba biyu ne daban, amma ƙofar da suka shigo ɗaya ce: dutse da turmi da wuta a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Akwai dabara mai sauƙi da ke rage ɓarnar, wata rufaffiyar tukunyar ƙona dunƙule da ake haɗawa da bututun ƙarfe ko kwanonin silba, tururin ya huce ya koma ruwa a sake amfani da shi. Tana tare mafi yawan zaibar, tana kuma rage wa mai aikin kuɗin sayen sabuwa. Maƙeran Haɗeja da na Gumel za su iya ƙera ta idan an nuna musu sau ɗaya.

Ƙofa ta biyu tana kan madubin ɗaki. Wasu mayuka da sabulan bilicin suna ɗauke da zaiba, duk da hukumar NAFDAC ta haramta irinsu, kuma sau da yawa ba a rubutawa a jikin kwalbar, balle wanda ake haɗawa a sayar a roba ba suna. Tana shiga ta fata, tana taɓa ƙoda, tana kaiwa ga jaririn da ke manne da jikin uwarsa. Mai cikin da ta bar karfasa tana shafa irin wannan mai safe da yamma ta tsere wa inuwa ne ta rungumi gangar jikin.

Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2013, ta kuma tabbatar da ita a 2018. Abin da nake so in gani daga wannan alkawari shi ne ya sauko bakin ruwa. Fadamun Haɗeja zuwa Nguru, da lakarsu da kacalar da ta cike su tana ruɓewa a ƙarƙashin ruwa, irin wurin da bakteriyar nan ke so ne. A Kanada an ga zaibar kifi ta hau bayan an gina manyan madatsun ruwa sun shanye ciyayi da itatuwa. Duk zaibar da aka bari ta gangaro cikin kogin Kano ko Challawa, ƙarshenta nan za ta zo ta kwanta, kuma dubban masunta da iyalansu, waɗanda ke cin kifi safe da dare, su ne za su fara ɗauka. Muna da Jami'ar Bayero, da ta Tarayya a Dutse, da ta Sule Lamiɗo a Kafin Hausa. A ba su kayan aiki su riƙa auna manyan kifin Tiga, Challawa da kasuwar Haɗeja duk shekara, da gashin kan matan masunta, tunda gashi yana ajiye tarihin abin da aka ci wata-wata. A faɗi sakamakon da Hausa a rediyo da ranar awon ciki, a sanar da sarakunan ruwa, kada ya tsaya a takarda. Masu unguwanni kuma su hana ƙona dunƙule cikin gari da wankin ƙasar zinare a bakin rafi.

Matar ƙanena ta koma cin kifinta, karfasa ranar kasuwa, dakakken ƙaramin kifi a miya sauran kwanaki. Robar man da ke kan madubinta ita muka yi doguwar magana a kai. Ɗan wana ya yi mini alkawarin ba zai sake ƙonawa a zaure ko kusa da yara ba, na kuma zana masa tukunyar a bayan takarda ya kai wa maƙeri. An fitar da tabarmar zauren an yar, an bar ƙofa da taga a buɗe mako guda. Da aka gama girbin gero ya sake tafiya, shi da wasu samari shida daga unguwarmu.